Malam Mai Shakka, Zo Ka Kama Mana Firiji

Na san ku sarai. Da an ce 'yan coci a Amurka suna barin gidajensu su tafi gyara wa waɗanda guguwa ta yi wa ɓarna, ba ko sisi, sai ku taɓe baki: "Kai dai bari, ruwa ba ya tsami banza." To Malam, gyara zama.

Ranar 29 ga Agusta 2005 guguwar Katrina ta afka wa kudancin ƙasar Amurka. Katangun da ke tare ruwa a New Orleans suka fashe, kusan kashi 80 cikin ɗari na birnin ya nutse, sama da mutum dubu suka rasu.

Ka ce hoto suke zuwa ɗauka? Madalla. Yawancin gidajen can na katako ne, bangon ciki kuma allo ne mai tsotse ruwa. In ruwa ya kwana makonni, fumfuna kan hau har silin. Sai an fitar da katifa da kafet da taɓo, an ɓamɓare allunan kaf, an bar gida tsirara ya bushe. Ga kuma sarkin aikin, firiji. Babu wuta tsawon makonni, ga zafi, ga nama da kifi a ciki. Dokarsa ɗaya ce: kada ka buɗe. A naɗe shi da salatif, a tallabo shi zuwa bakin titi, ana addu'a kada ruwan cikinsa ya zubo wa mutum a ƙafa. Kai da kwatar ƙofar gida ke sa ka toshe hanci da hula, nan za ka tsaya murmushi?

Balle 'yan Amish, masu keken doki da gemu ba gashin baki, waɗanda suka je aikin gini a jihar Karolina ta Arewa bayan guguwar Helene a 2024. Su fa tsayawa a ɗauke su hoto ma ba ya cikin al'adarsu.

Wani daga baya ya ɗaga murya: "Ai Amurka ce, gwamnati ta biya." Bayan Katrina gwamnatin ta raba gidajen tirela, daga bisani aka gano sinadarin da ke jikinsu yana sa mutane ciwo. Inshorar gida ta yau da kullum kuwa ba ruwanta da ambaliya, sai aka yi ta ja-in-ja: iska ce ta rushe, ko ruwa? Tsohuwa tana jiran amsa, rufinta leda ce shuɗiya.

Sai babbar hujjarku, wa'azi. Wannan kam kun ɗan taɓo. Wasu suna addu'a da mai gida, wasu in sun gama sukan miƙa masa Littafi Mai Tsarki. Akwai kuma 'yan makarantar da kan zo na mako guda, su yi fenti a karkace, sai an sake. Amma 'yan Baftis masu rawayar riga tun 1967 suke dafa wa waɗanda bala'i ya shafa abinci, 'yan Menonayit kuma tun 1950 suka fara aikin gyara a Kansas. In dabara ce, lallai ta cinye ƙusa da yawa. Kuma da guguwar Harvey ta zo a 2017, masallatan Houston sun buɗe ƙofa ga kowa, ba a tambayi alwala ba.

Aikin gayya ne dai, irin wanda kakanka ya sani, sai dai su da injin zarto suke zuwa, ba makaɗi.

Af, Malam, katangar Baba maƙwabcinka da ruwan Agusta ya kayar, har yanzu zana ce a wurin? An ce ranar Asabar za a kwaɓa ƙasa. Kada ka kawo mana zancen ciwon baya, jiya da yamma an gan ka a filin ƙwallo kana tsaron gida.