Zuwa ga Bakanon Mont-Bouët, mai sabon allo

Bakano, ga gaisuwa irin ta ubangida ga yaronsa. Labari ya iso mana Zariya cewa ka kaɗar da laftof ɗinka, ka sayi kwamfutar allo ta shafe-shafe, kana yawo da ita a hammata cikin kasuwar Mont-Bouët, kana shaida wa mutanen Libreville wai zamanin kwamfuta mai murfi ya wuce. Ikon Allah! Yaushe ka fara fatawa a kan ilimin na'ura, kai da ko lissafi ba ka yarda da shi ba sai ka lashi yatsa ka ƙirga kuɗin sau biyu?

Zauna in karantar da kai, tunda aikinmu ke nan tun kaka da kakanni. Lokacin da Steve Jobs ya fito da iPad a 2010, shi da kansa ya kwatanta tsohuwar kwamfuta da motar ɗaukar kaya: masu buƙatarta za su ragu, amma ba za ta ɓace ba. To kai wane ne in ba mai kaya ba? Mutumin da dilolin atamfa da shadda ke sauko masa a tashar jirgin ruwa ta Owendo, shi ne ya sayar da tirela ya sayi babur, yana murna ba ya shan mai.

Kada ka ce na zalunce ka, allon yana da ranarsa. Ba shi da nauyi. In an ɗauke wuta, batirinsa kan kai ka kusan yini, alhali tsohon laftof ɗinka sai ya yi ta huci kafin ya mutu a tsakiyar aiki. In 'yar Gabon ta tsaya a bakin shago, ka buɗe mata hotunan leshi tana ja da yatsa, ciniki ya faɗa ba tare da gurguwar Faransancinka ta ɓata shi ba. Na yarda da wannan. Har rubutun Hausa ma ya fi sauƙi a kansa, ka danne k ta ba ka ƙ.

Amma mu zo ga ƙarshen wata, ranar da ake haɗa lissafi. Excel ɗin da ke kan allo ƙaramin ƙane ne ga na laftof. Waɗancan umarnin sirri da yaron shagonka ya ɗinka cikin jadawalin, masu tattara bashi da riba da dannawa ɗaya, ba sa tashi a kansa sam. Tsohuwar firintarka mai waya, wadda ka ƙi canzawa saboda maƙo, ba ta san shi ba. Ga takardar ɗan kiliya, ga rasitin Airtel Money, ga jadawalin sefa da naira, kana son ganin ukun a lokaci guda, kai kuwa yatsa ɗaya kake da shi da gilashin da zufar Libreville ta dame. An ce min har sifili ɗaya ka ƙara wa wani Bamale a bashinsa, ya zo da 'yan uwansa.

Daga nan fa aka shiga sayayya. Ka sayi madannai na maƙalawa. Ka sayi linzami. Ka sayi abin jingina allon, ka sayi 'yar mahaɗar da za ta karɓi filashi. Bakano, tsaya ka dubi teburinka da kyau: gilashi a tsaye, madannai a kwance, linzami a gefe. Laftof ka sake haɗawa da hannunka, gutsure-gutsure, a kan kuɗin da ya fi na farko. Su kansu masu abin sun san haka. Microsoft ta tallata Surface Pro 3 a 2014 da cewa zai maye gurbin laftof, amma madannansa daban ake saye. Apple ma da ta yi shekaru tana cewa yatsa ya isa, a 2020 ta fito da madannai mai wurin jan linzami. Ashe kirarin nan na ko da me ka zo an fi ka bai haye ruwa ba.

Abin da ya fi ba ni dariya, madannan da ka saya a can na Faransawa ne. A na zaune a gidan Q, layin sama kuma ba ya ba da lamba sai an danne wani maɓalli tare. Ka nemi 2 ya ba ka é, ka nemi 9 ya ba ka ç, ka nemi 0 ya ba ka à. Attajiri guda yana rubuta farashin shadda da haruffa masu hula da wutsiya!

Na kuma bincika me kake yi da allon da daddare, in ruwan Libreville ya tsare ka a ɗaki. Daɗin Kowa, ƙwallon Turai, wa'azi kaɗan don kada a ce, sai kiran bidiyo zuwa Fagge. Talabijin ɗinka allon ya gada, malam, shi ya sa kake ganin bai rage ka da komai ba. Lissafin kuwa ɗanka ne ke kai shi shagon intanet yana biya da awa, a kan irin kwamfutar da ka ce ta mutu.

Muharram na tafe, ka san kuɗin shara na nan a wuyanka. Bana na yafe maka sefa. Ka naɗe allon da madannansa da linzaminsa ka ba wa mai tahowa, akwai jikana a Tudun Wada da ke son kallon zane mai motsi. Kada ka manta da cajar, na san halinku.