Ludayin Mai Koko

A Nima, zangon Hausawa na birnin Akara a ƙasar Gana, akwai wata tsohuwa mai koko da ƙosai. Ba ta karanta jarida, amma ludayinta ya san farashin komai. A Disambar 2022, da hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin ɗari, sai ta rataye tsohon ludayi ta sayo ƙarami. Masu saye suka yi gunaguni, ta ce, "Ku yi haƙuri 'ya'yana, ni ma haka aka auno mini geron."

Masu mulki, 'yan NPP mai alamar giwa, su ma haƙurin suka bayar: wai korona ce, wai yaƙin Yukiren ne. Aka ciwo bashin dala biliyan 3 daga IMF, aka ce kowa ya ƙara juriya. Tsohuwa ta ce to.

Ana nan, a Yulin 2023, sai labari ya fito daga kotu: ana tuhumar 'yan aikin gidan ministar tsafta da kwashe dala miliyan 1 da yuro dubu 300 daga gidan. Gari ya manta da ɓarayin, ya koma tambayar me kuɗin suke yi a ɗaka. Minista ta ajiye aiki. Tsohuwa ta tsaya da ludayi a hannu ta ce, "Ashe yunwar nan ta san ƙofar da ba ta shiga."

Da zaɓe ya gabato, yaran jam'iyya suka kawo mata riga mai hoton giwa. Ta karɓa hannu biyu, ta sa albarka, ta riƙa suyar ƙosai da ita. Suka lissafa ta cikin nasu.

Ran 7 ga Disambar 2024 ta je ta dangwala, ba ta ce wa kowa uffan ba. Washegari da safe, tun hukumar zaɓe ba ta yi sanarwa ba, ɗan takarar NPP Mahamudu Bawumia ya kira abokin hamayyarsa John Mahama ya taya shi murna. Giwa ta faɗi.

Da na ba da labarin nan a teburin mai shayinmu, wani Alhaji mai hular jam'iyya ya murtuke.

"Malam, da wa kake?"

"Ranka ya daɗe, ni da Gana nake."

Mai shayi ya miƙo masa nasa. Alhaji ya juya kofin, ya ce, "Kai yaro, yaushe kofin nan ya ƙanƙance?"