Asibitin Tsakar Gida

Asibitin tsakar gida shi ne mafi yawan rassa a ƙasar Hausa, ko da yake ba shi da gini, ba shi da rajista, ba a kuma yankar kati. Yana buɗewa ne a duk inda yaro ya tsandara ihu kuma akwai manya biyu a kusa. Ma'aikatansa su ne maƙwabta da ƙawaye da 'yan majalisa da dangin miji, har da wadda ta shigo aron rariya. Sharaɗin ɗaukar aiki ɗaya ne: mutum ya taɓa haihuwa, ko ya taɓa zuwa suna.

Gano cuta a wannan asibiti ba ya buƙatar ganin marar lafiya. Ta waya ma ana yi, daga Katsina har Maraɗi. Idan yaron bai kai shekara biyu ba, haƙori ne: zazzaɓi haƙori, gudawa haƙori, tari ma haƙori. Idan ya wuce nan, maleriya ce da taifot a haɗe. Idan kuwa yana da ƙiba da farin jini, bakin mutane ne. Akwai gwajin maleriya na gaggawa, wanda da ɗigon jini daga yatsa yake ba da sakamako cikin minti 15 zuwa 20, amma ana ɗaukarsa ɓarnar kuɗi, tunda kaka ta riga ta ɗora bayan hannunta a goshin yaron.

Sashen ƙuna ne ya fi ƙwararru. Da zarar ruwan shayi ya zubo wa yaro a hannu, sai taro ya haɗu. "Maman Abba, maza kawo makilin!" in ji ta ɗakin kusa. "A'a Yaya, ɗanyen ƙwai ake fasawa," in ji ƙanwar miji. Inna daga kan tabarma tana cewa a barbaɗa gishiri a shafa manja, maƙwabci bakanike kuma yana leƙowa ta zaure da labarin baƙin mai. Saboda ba a son ɓata wa kowa rai, duka ake sawa. Kafin minti biyar hannun yaron ya sha ƙwai da mai da gishiri, saura albasa da burodi ya zama teburin mai shayi. Abin da likitoci ke cewa shi ne a tara wurin a ruwa mai tsafta mai ɗan sanyi na minti 20, a rufe da ƙyalle mai tsafta, kada a fasa ƙurjin da ya tashi, in kuma ƙunar babba ce ko a fuska take a tafi asibiti. Aibin wannan shawara shi ne ruwa ne kawai, ba ya nuna wa jama'a an yi ƙoƙari.

Haɓo bai da rigima sosai, an yi ittifaƙi a ɗaga kan yaro sama ya haɗiye jininsa, alhali sunkuyar da kai ake yi a matse hanci na minti 10. Wanda ya taka ƙusa kuwa, jibi ko toka, a ɗaure da tsumma. Maganar allurar tetanus sai wani lokaci.

Ma'ajiyar magunguna leda ce baƙa, a saman firij ko cikin kwanon samira, kuma a cikinta akwai ragowar duk rashin lafiyar da aka yi a gidan tun amarya tana amarya. Ba a kiran magani da suna, da kama ake kiransa: ja da yalo, farin nan mai tsaga a tsakiya, mai ɗacin nan da ya yi wa Ummi aiki bara. Likita da nauyin yaro yake auna magani. A tsakar gida ƙa'idar ita ce yaro rabin mutum ne, saboda haka a raba ƙwaya biyu da haƙori. Idan takarda ta ce cokali ɗaya, wato mililita 5, kowane cokali ya shiga, har na cin shinkafa, domin ba a yi wa ɗa rowa. Ana ba da farasitamol, a bi shi da ruwan maganin mura wanda sau da yawa shi ma akwai farasitamol a ciki, hanta kuma ita ke biyan bashin. Ampiclox da Septrin da Flagyl ana tsayar da su ranar da yaro ya nemi tuwo, a adana sauran don ɗan maƙwabta, abin da ke koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. Klorokwin, wanda Najeriya ta sauke daga sahun farko na maganin maleriya tun 2005, har yau yana da magoya baya. Asfirin da aka hana ba ƙananan yara, da zumar da aka hana ba jariri kafin ya cika shekara, duk suna da masu cewa su ai da su aka raine su, ga su nan garau. Waɗanda abin bai yi wa kyau ba, ba sa zuwa majalisa su ba da tasu shaidar.

Wannan ɓangare yana da tarihin da ba na dariya ba. Tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009 yara aƙalla 84 suka rasu a Najeriya bayan shan My Pikin, ruwan maganin haƙori da aka gurɓata da wani sinadari mai kashe ƙoda, har hukumar NAFDAC ta janye shi daga kasuwa. Gubar daga masana'anta ta fito, amma kasuwar maganin haƙori tsakar gida ce ke riƙe da ita, ga fitowar haƙori kuma ba cuta ba ce.

Shi mai neman shawarar ba ilimi yake nema ba, kalma biyu yake son ji: "ba komai". In ƙawa ta farko ta ce a kai yaron asibiti, sai a gode mata a kira ta biyu. Dalilan ba a ɓoye suke ba: kuɗin mota, kuɗin kati, layin da ke cinye yini, da maigidan da wayarsa ke kashe. Mai kemis, wanda kowa ke kira Dokta, shi ne kotun ɗaukaka ƙara. Nas ɗin da ke cikin dangi kuwa a gidan biki ake tare ta, da farantin shinkafa a hannu, a ɗage rigar yaro. In ta ce a kawo shi a duba, an ce boko ya sa mata girman kai.

Mataki na ƙarshe shi ne rabon sakamako. In yaro ya warke, kowace mai shawara tana da kaso, kuma maganinta ya shiga tarihin unguwa. In ciwo ya ƙi, a kwana na uku cikin dare ake neman mai a-daidaita-sahu. Likita ya tambayi abin da aka ba yaron, a haɗa baki a ce, "Wallahi likita ba mu ba shi komai ba." Daga nan laifi ya koma kan asibiti, da jinkirinsa da tsadarsa. Washegari ma'aikatan tsakar gida za su iso dubiya da lemo da ayaba, kowace da sunan wani sabon magani da za a gwada in an sallamo shi.