Wa Ya Kashe Karen Alhaji?

Mu nan Kaduna, Malali da Unguwar Rimi, har Kawo da Unguwar Dosa, muna son haushin kare, ba ma son yawunsa. Mun ajiye shi don gadi, mun ɗaure shi a bayan ɗakin janareta, mun bar wa mai gadi ɗawainiyarsa. Abincinsa kuwa duk abin da ya rage: ƙanzo, ƙashin kaza, tuwon jiya, ragowar kek ɗin suna. Mu dai a wurinmu cikin kare ba ya zaɓe.

Ranar da aka wayi gari ya miƙe ƙafa kuma, kafin hantsi majalisar mai shayi ta gama shari'a.

"Ɓarayi ne, Alhaji. Share hanya suke yi, a ƙara kwaɗo a get."

"Ina! Maƙwabcin nan ne da ya ce haushi na hana shi barci. Shinkafar ɓera ya jefo ta katanga."

Shi ke nan, gaisuwa ta mutu tsakanin gida biyu. Babu wanda ya tuna jakar Hajiya da aka bari a baranda jiya da yamma, kare ya tsinke ya yi mata kaca-kaca, ya haɗiye kwalin cingam har da ledarsa. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa.

Tun da ciwon suga da hawan jini suka zama 'yan gida, mun koma sayen kayan da aka ce babu sukari a ciki. A manyan kantunan titin Isa Kaita da Ahmadu Bello Way muke lalubo su, ko su zo cikin tsarabar Dubai da Landan: cingam, minti, biskit, man goge baki, wani man gyaɗa na kwalba, har wasu magungunan tari. Da yawansu zaƙinsu na wani sinadari ne, zailitol, wanda a bayan kwali ake rubuta shi xylitol ko E967. Ga ɗan Adam lafiya lau ne, likitocin haƙori ma yabonsa suke yi tun binciken da aka yi a Turku ta ƙasar Finlan a shekarun 1970.

Jikin kare ne bai san wannan wasa ba. Yana lasa, jikinsa sai ya ɗauka sukari ne ya shigo da yawa, ya kwararo insulin, sukarin jininsa ya faɗi warwas. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ce hakan kan faru cikin minti 10 zuwa 60. Za ka ga ya yi amai, yana tangaɗi, ƙafafun baya sun ƙi ɗaukarsa, sai karkarwa da farfaɗiya. Giram 1 kacal ya isa ya kayar da kare mai nauyin kilo 10, wato ƙwayar cingam kaɗan ke nan. In ya kai giram 5, hanta ce ke shiga haɗari, kuma wannan sai bayan kwana ɗaya ko biyu take nunawa, lokacin da muka riga muka ce ya warware.

To me muke yi in mun gan shi yana tangaɗi? Manja! Mai gadi ya danne, yaron gida ya buɗe baki, a ɗura rabin kwalba. In bai tashi ba a bi da madara. Wanda ya fi kowa tsoro ya ce haukan kare ne, a nemo sanda. Manja ba ya mayar da sukarin jini, ɗura wa dabbar da ke shure-shure kuma shaƙe ta ne. Abin yi shi ne a ɗauki kwalin da ya ci, a sa shi a mota ko a Keke, a nufi likitan dabbobi nan take, don ruwan gulukos ake sa masa ta jijiya, a riƙa auna jininsa. In abin ya yi tsanani, ga asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya.

Kada kuma a ɗora wa mai zoɓo laifi. Sakarin da ake sa wa zoɓo da kunun zaƙi wani abu ne daban, ba ya yi wa kare wannan aika-aika. Waɗanda suka fi kusa da kwanonsa su ne albasar da muke gabza wa dafa-duka, wadda ke lalata masa jini a hankali, da cakulan ɗin yara, da inabi da zabibi masu kashe ƙoda.

Hajiya, don Allah a rataye jaka a ƙusa. Yara, cingam da minti ba na rabawa da kare ba ne. Malam mai gadi, duk abin da ya fito daga kwali ko kwalba, a kai wa mai karatu ya duba bayansa kafin a juye a kwano. Tunda mun ɗaure dabba, haƙƙinta yana wuyanmu, kuma kuɗin sabon kwikwiyo a Kaduna yanzu ba wasa ba ne.