Yadda ake zane kullum a waya, ko da ba a iya ba

Ranar 1 ga Mayu 2007 wani Ba'amurke, Mike Winkelmann, wanda aka fi sani da Beeple, ya ɗaura niyyar yin zane ɗaya kowace rana. Da suka cika 5,000 ya haɗe su wuri guda, kamfanin gwanjo na Christie's ya sayar da su a Maris 2021 kan dala miliyan 69. To matasan Kajuru, ga hanyar arziki nan a buɗe. Shekara 13 da 'yan watanni kawai ake buƙata, sai waya mai riƙe caji. Na biyun ne mai wuya.

Kada ka tsaya jiran iPad. A can kaɗai manhajar zane ta Procreate ke aiki, kuma masu jiransa har yau ba su ja layi ɗaya ba. Sauke ibisPaint ko Sketchbook a Tecno ɗinka, yatsa ya zama alƙalami. Sannan ka ƙulla abota da mai shagon caji, don ranar da aka ɗauke wuta shi ne ubangidanka. Ka zana shi kyauta, ka rage masa tumbi, ka ƙara masa tsawo.

Kowa da gidan dutsen nan na Kajuru yake farawa, wanda Bajamushe Gerhard Huebner ya gina a kan tsauni a shekarun 1980. Yi shi sau ɗaya ka huta. Layinsa miƙaƙƙe ne, manhaja ma tana da rula, ba za ka koyi komai ba. Nufi Kasuwan Magani ranar kasuwa, inda ba akuya ko ɗan acaɓa da zai tsaya maka. Nan za ka gane cewa ƙafar akuya huɗu ce, amma ba ka taɓa duba ta inda take lanƙwashewa ba.

Hannun mutum zai ba ka wahala. Maganinsa babbar riga da hijabi. Idan dole hannu ya fito, ɗora masa ƙullin leda.

Kai kuma zai riƙa fita ƙato, ya rinjayi jiki. Duk wanda ya yi maka dariya, ka gyara zama ka ce salon Nok kake bi. Mutum-mutumin yumɓun da masu haƙar kuza suka fara tonowa a 1928 a ƙauyen Nok, cikin ƙasar Jaba ta yanzu, manyan kawuna gare su, ido mai kusurwa uku da huda a tsakiya. Sun haura shekara 2,000, gidajen tarihi na Turai na alfahari da su. Kai ne za a raina?

Babban abokin gabarka shi ne ɗan maɓallin nan mai kibiya, mai mayar da kai baya ka goge kuskure. A takarda, in layi ya karkace sai ka nemi yadda za ka zauna da shi, wani lokaci ma shi ke gyara zanen. A waya kuwa za ka ja, ka goge, ka ja, ka goge, har ladan ya kira asuba kana kan hanci ɗaya. Uche Okeke, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, da suka kafa ƙungiyar masu zane a Zariya a 1958, ba su da wannan maɓalli, shi ya sa suke gama aiki. Yanke wa kanka minti 20. Suna cika ka adana, ko da akuyar ta yi kama da kujera. Gobe za ta yi kama da kare, ci gaba ke nan.

Ranar da kasala ta kama ka, ka yi fatan hunturu ne. Shafe allon da ruwan toka, ka rubuta “Duwatsun Kagoro cikin hazo”. Ba mai iya ƙaryata ka.

Da zarar ka sa zane a WhatsApp, dangi za su fara layi. Kada ka kuskura ka zana gwaggo yadda take. Zana ta yadda take ranar aurenta, ka sa mata atamfa mai tsada. Kuɗi dai ba za ta ba ka ba, amma za ta sa maka albarka, ta kuma turo maka hotunan 'ya'yanta bakwai kafin magariba.