Gyaran Zauren Kansiloli: Kada Barci Ya Ci Zaɓe

Ranka ya daɗe Ciyaman, tunda Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli, 2024 cewa kuɗin ƙananan hukumomi 774 su riƙa shiga asusunsu kai tsaye, Zamfara kuma ta zaɓi shugabannin nata guda 14 a Nuwamban shekarar, ba laifi ba ne ka dubi zauren da kansiloli suke zama ka ce ya isa gyara. Ga shawarar mutumin Gurbin Bore, wanda in yana da koke sai ya hau babur ya kama hanyar Zurmi, hanyar da a shekarun nan ba a bin ta sai da addu'a. Ciyamomin Ƙaura Namoda da Shinkafi su ma su matso, kyauta ce.

Fara daga sama. Kafin mai sayar da fitilu ya sha ruwan ofishinka, kafinta ya hau kwano ya toshe yoyo. In aka liƙa silin na zamani ƙarƙashin rufi mai ɗiga, ruwan Agusta guda ya isa ya zana masa taswirar jihohi 36 har da Abuja. Jemagun cikin silin kuwa, waɗanda ba su taɓa fashin zama ba ko sau ɗaya, a sallame su cikin mutunci, a rufe kafofinsu da raga.

Sai haske. Za a kawo maka hoton wata fitila mai tarin gilasai tana reto, a ce irinta ce a manyan otal-otal na Abuja. Ka yi godiya ka mayar da hoton. Hunturu ɗaya zai lulluɓe ta da ƙura, kuma ba masinjan da zai yarda ya hau share ta. Ƙwan LED mai wat 12 yana ba da hasken tsohon ƙwai mai wat 75, ba ya kuma gasa wa mutum hula. Guda 20 sun ci wat 240. Ƙara fanka shida, kowace wajen wat 70, duka bai kai 700 ba, alhali na'urar sanyaya ɗaki guda mai doki ɗaya da rabi takan haura 1,000 ita kaɗai. Da wannan lissafin sola za ta riƙe zauren ko wutar NEPA ta tafi ganin gida. A kafa faifan su kalli kudu a ɗan karkace, a sa wanda zai riƙa goge su lokacin hazo, batura kuma a ajiye su a ɗaki mai iska da kwaɗo mai ƙwari.

A raba hasken da adalci. Ya sauka a kan takarda, don Honorabul ya karanta abin da zai ɗaga wa hannu. Ya sauka a kan fuska, don mu san wanda ya yi magana da wanda ya gyaɗa kai kawai. Lungun baya, inda aka saba laɓewa ana latsa waya, a ba shi ƙwai biyu.

Yanzu ga babbar magana: kujera. Ranka ya daɗe, kujera ita ce rabin siyasa, saboda haka a yi mata tunani. Kada ta yi taushi kamar katifar amarya. Mutum ya ci tuwon dawa da miyar kuka, fanka na kaɗawa, sakatare na karanta rahoton zaman baya da murya ɗaya, wane irin kishin ƙasa ne zai hana ido rufewa? Kada kuma ta zama mai juyawa, domin kansila yana da isassun dalilan juya wa jama'a baya ba sai an sa masa taya ba. Ta leda baƙa ita ma a bar ta, a zafin Afrilu sai ta riƙe babbar riga ta ƙi saki. A nemi ta katako mai ƙwari, bayanta a miƙe, da 'yar katifa daidai zaman awa biyu, a shafa mata maganin gara. Kafintocinmu da masu walda na Zurmi da Ƙaura za su iya, kuɗin ya kwana a gida, in ƙafa ta karye kuma mai gyara yana bayan kasuwa. Ta Ciyaman ta ɗara sauran da taki guda, girma ne, amma kada ta kai inda sai an ɗaga murya kafin ya ji.

Abin da ya fi damuna shi ne bencin jama'a. Galibi sai kuɗi sun kusa ƙarewa ake tuna shi. A fara da shi. Dattijon da ya baro Gurbin Bore ko Moriki da sassafe don ya faɗi halin rijiyar garinsu, ko gonar da tsoro ya hana shi nomawa, bai kamata ya tsaya a taga yana leƙe ba. A ware wa mata nasu layin inda za a ji su. A yi gangara a ƙofa saboda masu keken guragu. Tayil mai sheƙi a bar wa masu ɗakin amarya na birni, a shimfiɗa mai kaushi, don sandar tsoho da jiƙaƙƙen silifa ba sa shiri da santsi. Lasifika ɗaya ta fuskanci waje. Randa, butoci da wurin alwala su samu gurbi a lissafi tun farko.

A bakin ƙofa a kafa allo, a rubuta da Hausa, boko da ajami, nawa aikin ya ci da wanda ya yi shi.

Ranar buɗewa a yanka ƙyalle, a yi addu'a, a bar maroƙa su ɗan taɓa, amma a rage kuɗin shinkafa a sayi kwalin ƙwai na ajiya. A haɗa da tsani guda biyu, a rubuta musu sunan ƙaramar hukuma da jan fenti, domin ɗaya za a ara ranar Juma'a, kuma mai aron surukin wani Honorabul ne.