Garin Neman Gira: Nazari a Kan Gyaran Matakin Babur ɗin Ƙanƙara

Babur ɗin ƙanƙara abin hawa ne marar taya, wanda ke da faifan sulu biyu a gaba domin juya akala, da ɗamarar roba mai haƙora a ƙasa wadda inji ke murzawa tana haƙar dusa tana ingiza shi. Kamfanin Joseph-Armand Bombardier na garin Valcourt a lardin Kebek ne ya fito da Ski-Doo a 1959, amma irin wanda aka ƙera domin tsaunuka bai yaɗu ba sai a shekarun 1990, kuma ana gane shi da tsawon ɗamara, wadda a yau takan kai inci 154 zuwa 175, da kuma yadda ake tuƙa shi a tsaye. Wannan tsayuwa ce ta ɗaukaka darajar mataki, wato faifan alminiyom da ke kowane gefe inda matuƙi ke ɗora ƙafa.

Abubuwan da ake nema daga mataki ba sa ga maciji da juna. Ana so ya ɗauki ƙaton mutum mai tsalle daga wannan gefe zuwa wancan, ana so ya kasance da ramukan da dusa za ta zube kafin ta daskare ta koma santsi kamar sabulu, sannan ana so ya zama siriri saboda abin da ake kira yankan gangare. Yankan gangare shi ne ratsa gefen tsauni a gicciye, babur na kishingiɗe wajen tudu bisa faifan sulu ɗaya, kuma a nan ne mataki mai faɗi yakan dogara da dusa ya ɗaga ɗamara, haƙora su rasa abin kamu, babur ya sulale ƙasa da mai shi. Masu hankali kan cire ƙusoshin tsohon mataki su ɗaura sabo da aka ƙera domin wannan aiki, masu ganin kuɗin ya yi yawa kuwa sukan ɗauki zarto.

Marubucin wannan maƙala yana cikin rukuni na biyu. Ya sayi tsohon babur a hannun wani maƙwabci a garin Revelstoke na lardin Birtish Kolombiya, yankin da a tsaunin Copeland na kusa da shi aka auna dusa fiye da mita 24 a hunturun 1971 zuwa 1972, kuma bayan faɗuwa ta shida a fitarsa ta farko ya yanke hukunci, kamar yadda ɗan koyo ya saba, cewa laifin na ƙarfe ne. Ya kwana biyu a gareji yana huda, ya mayar da ƙananan ramuka manya, ya haɗe manyan suka zama tagogi, ya rage faɗin kowane gefe da inci guda, har uwargidansa da ta leƙo da shayi ta tambaye shi cikin ladabi ko rariya maigida ke ƙerawa.

Akwai batutuwa biyu da binciken nasa bai kai gare su ba. Na farko shi ne, lanƙwasar da ke bakin mataki ba ado ba ce, ita ce ke ba shi ƙarfi, kamar yadda kalmasa ke riƙe bakin kwano. Na biyu kuwa, babur ɗin ƙanƙara galibi ba ya da lagireto irin na mota, domin ruwan sanyaya inji yana bi ne ta wasu bututun alminiyom da dusa ke fantsamawa a kansu, kuma a wasu tsofaffin samfura bututun suna kwance daidai ƙarƙashin mataki. Bakin injin hudar ya ɗan lashi ɗaya daga cikinsu, lasar da ba ta fitar da ko ɗigo ba sai da inji ya yi zafi ruwa ya matsu.

An yi gwajin a tsaunin Boulder, gaban shaidu uku. Adalci ya wajabta a faɗi cewa dusa ba ta taru a kan matakin ba ko kaɗan, tunda babu inda za ta zauna. Da aka iso gangaren, marubucin ya ɗauki tsayuwar da ƙwararru ke koyarwa, wato ɗora ƙafar da ba ta wannan gefen ba a kan matakin tudu, ɗayar kuma tana dogara dusa kamar mai tuƙin kwalekwale, ya danna totur, kuma na tsawon abin da bai wuce mita ashirin ba babur ya yanki gangaren yadda littafi ya ce. Daga nan matakin ya lotsa kamar gwangwanin madara, takalmin ya faɗa cikin babbar tagar ya maƙale, ƙafar ta zare daga takalmin, mai ƙafar ya nutse a dusa har ƙirji, babur kuma, da ya rabu da nauyin da ya dame shi tun safe, ya ci gaba shi kaɗai cikin nutsuwar da ba a taɓa ganin ya yi da mai shi ba.

Neman babur ɗin bai ba da wahala ba, saboda ya bar koren layin ruwan sanyaya inji a kan farar dusa tun daga wurin ajiye motoci har gindin bishiyar da ta tare shi, inda aka same shi a kife yana tururi, takalmin na reto a gefensa. Haƙo shi da shebur ya ci awa biyu, aka ɗaura masa igiya aka jawo shi ƙasa, marubucin kuma ya sauko a goye bayan ƙaramin cikin shaidun, yaro ɗan shekara sha bakwai, wanda bai ce uffan ba amma kafaɗunsa ba su daina girgiza ba.

Bakanike ya canja bututun da matakan biyu a kan kuɗin da ya ninka farashin sabon mataki. Tsohon kuwa yana nan a bakin ƙofar gida bisa bulo biyu, inda uwargida ke jera jiƙaƙƙun takalma a kansa, kuma ta shaida cewa kafin asuba sun tsane ƙaf.